Rigar Dogo

Tun da na dawo daga Landan ban ci abinci da daɗi a ɗakin malamai ba. Wannan ta ce, "Uwani, ya ƙasar?" Waccan ta ce, "Kin ga dusar ƙanƙara?" alhali a tsakiyar lokacin zafinsu na je. Malama Jummai kuwa kullum tambayarta ɗaya, wai na shiga manyan kantuna? To, yau zan faɗa sau ɗaya kowa ta ji, a bar ni in ci ɗanwakena lafiya. Ni ba yawon buɗe ido na je ba. Riƙon jakar Baba na je yi.

Kun dai san idon Baba na hagu ya daɗe da tafiya. Hawan jinin ido, in ji likitoci. Na daman ne ya rage, shi ma kullum ƙara tsukewa yake, har Baba ya koma kamar mai leƙe ta kafar makulli. Yaya Nura, babban wanmu da ke aikin asibiti a Landan, ya samo likitan da zai yi masa aiki. Likitan bai yi rufa-rufa ba, ya ce aikin zai iya tsayar da ciwon, zai kuma iya ƙarasa ɗan ganin da ya rage. Shekara guda muna lallashin Baba yana cewa shi ba inda za shi. Kwatsam wata safiya ya ce ya yarda, har da zaɓar watan tafiya da kansa. Inna ta yi sadakar ƙosai, mu kuma muka ce addu'armu ce ta karɓu. Ashe Dogo ne zai yi ritaya.

Kada ku tambaye ni sunan Dogo na gaskiya, har yau harshena bai iya juya shi ba. A gidanmu Dogo ake ce masa, kuma ɗan wasan kurket ne. Kurket ɗin nan ga yadda yake, gwargwadon abin da aka cusa min tun ina ƙarama: a kafa 'yan sanduna uku a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana karewa, wani kuma ya sheƙo da gudu daga nesa ya jefo ƙwallo ja mai tauri kamar goruba. In sandunan suka zube, an kayar da mai katako, sai wani ya shigo. Shi ke nan fa. A kan wannan manyan mutane masu iyali suke kwana biyar, kuma a ƙarshe ana iya tashi babu wanda ya ci.

Baba ya kamu da wannan ciwo ne a makarantar kwana, wurin wani Bature malamin lissafi. Wai Baba ne mai jifan makarantarsu, har ana tsoronsa. Ba mu gani ba, amma mun ga ragowar abin a tsakar gidanmu na Zariya, inda yake jera kwalabe uku yana jifansu da goruba, har ranar da ya fasa randar Inna aka kafa masa doka. Daga nan ya koma wa rediyo. Kuma a cikin rediyon nan ya tsinci Dogo.

Tarihin Dogo kuwa na haddace shi ba da son raina ba. Ya fara yana ɗan siririn saurayi, aka gwada shi aka ajiye, wai jifansa ba saiti. Ya dawo, ƙashin bayansa ya tsage, aka ce tasa ta ƙare. Ya sake dawowa, ya rage gudu ya ƙara dabara, har ya koyi sa ƙwallo ya karkace a cikin iska. Waɗanda suka fara tare da shi duk suka ajiye suka yi tumbi, shi yana nan yana gudu, har ya wuce magabatansa na ƙasarsu a yawan mutanen da ya kayar. In lambobi kuke so ku je wurin Baba. Ya san nawa Dogo ya kayar a kowace ƙasa, da rana ko da hadari, amma ku tambaye shi shekarar da aka haife ni, sai ya ce a tambayi Inna.

Ana saura wata uku tafiya Baba ya kira Malam Garba maɗinki, ya ba shi farar shadda, ya ce babbar riga yake so, aikin hannu, kuma a ƙara mata tsawo sosai. Malam Garba ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan ai za ta ja ƙasa."

"Ba tawa ba ce."

Ni na fara gane inda aka dosa, na ce, "Baba, don Allah kada ka ce min ta Baturen nan ce."

Ya ce, "Uwata," don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni, "a garinmu in gwani ya gama wasansa na ƙarshe, ba a barinsa ya fita fili da tafi kawai. Sai wani dattijo ya shiga ya yafa masa riga. Mutumin nan shekara ashirin yana faranta min rai bai taɓa karɓar ko goro a hannuna ba. In bar shi ya tafi haka?"

Na buɗe baki, Inna ta harare ni, na rufe.

Hanyar Abuja ba abin faɗa, kun san ta, ta san ku. A filin jirgi ne aka fara. Baba ya rantse rigar ba za ta shiga cikin kaya ba, a cinyarsa za ta yi tafiya. Haka ya rungume ta a leda tun daga tashi har sauka, ni kuma ina riƙe da fasfo biyu, da maganin ɗigawa, da sandarsa, da buta. Abincin jirgi ya zo a ɗan akwati, Baba ya shinshina ya ce in tambaye su ko na marasa lafiya ne.

Da muka sauka, tun a layi nake karanta masa darasi. "Baba, in sun tambaya, asibiti muka zo. Abin da ke takarda ke nan. Asibiti." Ya ce ya ji. Muka isa gaban wata jami'a mai fuska kamar an aiko mata da rasuwa, ta ce me ya kawo mu ƙasarsu. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Cricket."

Na yi wuf na shiga gabansa. Na turo takardar likita ina ta "hospital, hospital," shi kuma ya kama zuba mata Turancin makarantar kwana, irin wanda su kansu sun daina yi, yana mata bayanin bayan Dogo da ya tsage. Matar ta dube shi, ta dube ni, ta buga hatimi, ina jin don ta rabu da mu ne. Na ce alhamdu lillahi, an wuce. Ina! A gaba akwai ƙofa biyu, ɗaya ta masu abin bayyanawa, ɗaya ta marasa shi. Jama'a duk suka bi ta marasa, kowa da ƙullinsa. Baba ya ce shi bai taɓa cin amanar hukuma ba, ya ja ni ɗaya ƙofar ya sanar da su kilishin da Inna ta aiko wa jikokinta. Suka yi masa godiya ƙwarai, suka zuba kilishin a kwandon shara muna kallo. Daddawa ce kaɗai ta ƙwaci kanta. Jami'in ya buɗe, ya shaƙa, ya ɗaure da sauri ya miƙo min.

Yaya Nura a Catford yake, unguwar da 'yan Najeriya suka yi yawa har ka ji ana faɗa da Yarbanci a tashar bas. Shekara da shekaru muna cewa "gidan Yaya na Landan," muna hasashen wani abu. Flat ne, ɗaki biyu da falo, a hawa na uku. Kicin ɗin in Anti Safiya matarsa ta shiga sai dai ki tsaya a ƙofa ki miƙa mata albasa. 'Ya'yansu suka zo gaisuwa, Baba ya ce, "Kuna lafiya?" suka ce, "Fine, Grandad." Suna jin Hausa sarai, mayarwa ce ba sa yi. Maƙwabta kuwa Baba ya yi kwana biyu yana tsayawa a matakala yana gaishe su har da tambayar iyali, sai da Yaya ya roƙe shi ya daina kafin wani ya kira council, hukumar unguwa.

Rana ma a can ba ta da tarbiyya. Ƙarfe tara na yamma tana nan tsaye, ka rasa lokacin magariba sai ka duba waya. Abinci kuma, ranar da yaran suka ce za su ɗanɗana mana na ƙasa, kifi da dankali aka kawo a takarda, ba yaji, ba albasa, ba ko gaisuwa. Na ɗauko yajin jakata na ceci rayuka.

Asibitin idon yana Marylebone, unguwar da kowace ƙofa ka duba likita ne a bayanta. Likitan ya leƙa idon Baba da fitila, ya maimaita abin da ya faɗa tun farko, ya sa ranar aiki. Ya ce ana gobe aikin Baba ya huta a gida. Baba ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Ranar hutun nan ita ce ranar da ke jikin tikitinmu na kallon wasan Dogo na ƙarshe, kuma tikitin kwana ɗaya ne tak. Ma'ana, in Baba bai ga Dogo ran nan ba, ta yiwu ba zai ƙara ganin kowa ba, balle Dogo.

A kan tikitin ma an sha daru tun muna gida Najeriya, ta waya. Yaya ya ce, "Baba, na yi booking na kujeru masu kyau, a sama, akwai rufi, kana ganin whole pitch."

Baba ya ce, "Ni da nake laluben ƙofar ɗaki, me zan yi da whole pitch? Ka yi cancel. Ka nemo min ƙasa-ƙasa, can kusurwa, bakin igiyar iyaka." Har ɓangaren ya faɗa masa. Yaya ya ce wurin ba rufi, kuma ba a ganin komai sai bayan mutane. Baba ya ce shi dai nan. Da ranar ta zo Yaya ya ce yana da shift a asibiti, abin tausayi, ya bar ni da tikiti biyu da lema ɗaya.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, daga nan muka gangara cikin na ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira tube. Akwai matakala mai tafiya da kanta, kuma doka ce a tsaya a dama. Baba ya tsaya a tsakiya da sandarsa da ledarsa, mutane suka taru a bayansa suna ta "sorry, sorry." Ya ce min, "Kin ga ladabi?" Na ce Baba zaginka suke yi. A cikin jirgin ba mai kallon kowa, ba mai magana, sai ka ce an tara masu gaba da juna.

Filin wasan ba nisa daga asibitin. Tsofaffi ne fal, da ɗamarar wuya da hulunan kaba, kowa da kwandon abinci kamar masu zuwa biki. Muna neman kujerarmu ina ce wa Baba ya ɗaga ƙafa akwai tudu, sai wani mai rigar ma'aikata ya juyo ya ce, "Kai, Hausa ne? Sannu da zuwa, Baba! Hajiya, sannu!" Sunansa Alhasan, ɗan zangon Kumasi, shi ke gadin kusurwarmu. Hausarsa irin tasu ce, ni ma "ka" yake ce min, amma ranar ji na yi kamar ɗan'uwana na gani. Ya kai mu layin farko. Tsakaninmu da ciyawa allo ne kawai iya gwiwa, sai igiya a gaba kaɗan.

Muna zama aka fara yayyafi. Yayyafin da a gida ko shanya ba za mu kwashe saboda shi ba. Nan take wasu suka rugo suka lulluɓe tsakiyar fili, aka ce ba wasa sai ya ɗauke. Na jira in ji ihu, in ga an fara jifa da robar ruwa. Ko ɗaya. Dubban mutane suka buɗe lema suka buɗe jarida. Wani dattijon Bature da ke gefena ya miƙo min burodi da yankan kokwamba a ciki, kokwamba zalla, yana murmushi kamar ya yanka min rago. Na karɓa, don an koya mana karɓar kyauta.

Sai wajen azahar aka fito. Na ce, "To Baba, wanne ne Dogon?"

"Yana can sama a zaune. Mutanensa ne ke riƙe da katako yau."

"To yaushe zai yi jifan?"

"Sai an kayar da nasu goma."

"Yau ɗin?"

"In Allah ya so."

Tabɗijam! Ashe a wasan nan za ka iya ƙetare teku don ganin mutum, shi kuma ya wuni a bene yana shan shayi. Baba ya san da haka tun a Zariya, bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa zaton zan gani ba. Baba, wanda in ƙungiyar Dogo ta sha kashi ba ya cin tuwon dare, ya zauna yana roƙon Allah ya rushe ta. Duk wanda aka kayar a cikinsu, filin ya yi tsit, mai kokwamba ya ce "oh dear," Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, saura bakwai." Wani yaro matashi ya kafe ya ƙi faɗuwa, ana ta yi masa tafi, Baba yana cewa, "Wannan yaro ba shi da kunya. Ka tafi mana, uwarka na jira." Ana cikin haka, an fara samun sa'a, sai kowa ya juya ya fice daga fili. Na ce lafiya? Alhasan ya ce lokacin shayi ne. Shayi! Mutum yana tsere da makanta, su kuma ruwan zafi ya tafasa.

Duk wannan fa ba gani Baba yake ba. Ɗan rediyonsa ne a aljihu, da waya a kunne. Tsakiyar filin ta yi masa nisa, fari-fari kawai yake hangowa yana motsi. Da na lura da haka sai na daina dariya. Na ce a raina, mun sha layin biza, mun yi asarar kilishi, mun zo har nan don ya saurari rediyo. Na juya na share ido da mayafi kada ya ji.

Can da yamma saura mutum ɗaya, sai ga Dogo ya fito da katako, don shi ne na ƙarshe a layi. Filin duka ya miƙe ana tafi. Na ce, "Baba, ga shi, ga shi!" Ya ce, "Wancan mai hular kwano? Ba shi na zo gani ba. Dogo bai iya duka ba, ko akuya ta fi shi." Bai rufe baki ba sandunan Dogo suka watse. Mutane suka yi jimami, Baba ya yi kabbara.

Sai dai kafin a sake fitowa sama ta haɗe. Alƙalan wasa biyu suka tsaya suna duban gajimare, ɗaya ya ciro wani ɗan abu yana auna haske. Alhasan ya sunkuyo ya ce in ya ƙara duhu kaɗan za su tashi wasa sai gobe. Gobe kuwa ƙarfe takwas Baba yana kan gadon likita. Na kama hannunsa. Ni da ban taɓa damuwa da kurket ba, na sami kaina ina karanto duk addu'ar da na sani a kan wasu tsofaffi biyu masu farar hula.

Suka ce a yi.

Dogo ya karɓi ƙwallo, ya yi ta tafiya baya har na ɗauka gida za shi. Sannan ya juyo. Jama'a suka fara tafi a hankali, yana ƙara gudu suna ƙara sauri. Ya yi tsalle, hannu ya juya. Ni mai ido biyu ban ga ƙwallon ba. Ƙara kawai na ji, tas, a hannun mai tarewa can baya.

Baba ya cire wayar daga kunne. Ya ce, "Kin ji? Uwata, kin ji?"

Na ce na ji.

"Faɗa min yadda ya yi."

Na ce, "Ya yi gudu ya yi jifa, Baba." Ya ce Allah ya shirye ni.

Sau shida ya jefa, bai kayar da kowa ba. Sai na ga ya karɓi hularsa a hannun alƙali, ya juyo, ya nufo mu. Yana ta tahowa, yana ƙara girma. Baba ya ce a hankali, "In mai jifa ya yi shida, sai a tura shi kusurwa ya huta kafin a sake kiransa. Dogo kullum wannan kusurwar yake zuwa." Sai a lokacin na gane rigimar kujera. Mutumin ya zo ya tsaya a bakin igiya, kusan in miƙa hannu in taɓa shi, yana haki, gumi na zuba.

Baba ya miƙe. Ya zare rigar daga leda, ya ɗaga ƙafa zai haura allo.

Alhasan ya yi wuf ya tare shi. "Baba, a'a! In ka taka ciyawa nan police zai kwashe ka, ni ma aikina ya tafi. Don Allah, Baba." Na riƙe gefen kaftaninsa ina cewa ka tuna gobe. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zai yi gardama, sannan ya sauke. Ya miƙa rigar da hannu biyu ta saman allon, ya ɗaga murya ya ce, "Young man!"

Ashe su ma suna da tasu al'adar. In ɗan wasa ya zo kusurwa, yara kan miƙo masa hula ko riga ya sa musu hannu. Kafin Baba ya yi magana ma Dogo ya sallami biyu. Ya juyo, ya ga tsoho da tulin farin yadi, ya matso har numfashinsa na taɓa mu. Ya karɓa da hannu biyu, don rigar da nauyi. Baba ya buɗe baki zai fara jawabin da ya yi wata uku yana shiryawa. Dogo ya juya rigar yana neman inda ba zare, ya samu a ƙirji gefen aikin, ya zare murfin wani ƙaton alƙalami da haƙori, ya yi mata wani irin kwasha-kwashan rubutu da baƙar tawada. Ya ce, "There you go, sir." Ya mayar wa Baba a hannu, ya koma bakin igiya.

Farar shadda! Aikin hannu na wata uku! Na ce, "La'ilaha illallahu, ya ɓata ta kuma ya dawo da ita!" A garinmu wanda ya mayar maka da kyauta ai ya gama zaginka. Na yunƙura zan faɗa masa abin da ko ba Hausa zai gane, Alhasan yana ta "Hajiya, yi haƙuri, haka suke yi," mai kokwamba kuma yana ta taya Baba murna wai ya yi sa'a. Ba a jima ba alƙalai suka sake duban sama suka tashi wasan. Jifa shida, shi ne abin da muka samu a wunin.

A jirgin komawa Catford Baba ya buɗe rigar a cinyarsa. Ya kai ƙirjin rigar dab da idonsa na dama, yana bin rubutun a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ya koma ya sake. Ni ina ta huci. Da na gaji na ce, "Baba, ka dai gan shi?"

Ya ce, "Na gan shi. Yana da furfura a nan," ya taɓa gefen kunnensa. "Kuma yana ɗingisa ƙafar hagu in zai tsaya. Shekara ashirin ba wanda ya faɗa min a rediyo. Ashe da ciwo yake gudun nan."

Na ce, "Da ciwo ko ba ciwo, ya mayar maka da kyautarka."

Ya ce, "Ke dai ba ki da lissafi. Na ba shi ko ban ba shi ba?"

"Ka ba shi."

"Ya karɓa da hannu biyu?"

"Ya karɓa."

"To ta zama tasa. Ya sa mata sunansa don kada a yi musu. Sannan ya ɗauki rigarsa ya ba ni a gaban jama'a. Ke a garinku, in babban mutum ya ba ka rigarsa, zagi ne?"

Na karɓi rigar. Na ninke masa ita a leda.

Washegari aka yi aikin. Likitan ya yi iya yinsa, ba ni da abin cewa a kansa. Muka yi makonni muna zirga-zirga tsakanin Catford da Marylebone, ana buɗewa ana rufewa, ana cewa a ƙara haƙuri. A ƙarshe dai abin da ya faɗa tun farko ne ya faru, ɓangaren da ba mu so ba. Baba yana bambance rana da dare, yana gane inda taga take. Fuska kuwa babu. Yaya Nura ya yi kuka a kicin ɗin nan da ba ya ɗaukar mutum biyu, ni na tsaya a ƙofa na yi nawa.

Kantuna, Malama Jummai, ban shiga ba. Ki yafe min.

Yanzu kowace Juma'a rigar yake sawa. Tana jan ƙasa kamar yadda Malam Garba ya faɗa, sai an tattare masa ita a kafaɗa. An hana mai wanki ko kallonta. Makon jiya a ƙofar masallaci wani maƙwabcinmu ya ce, "Alhaji, jikoki sun yi maka ɓarna a riga." Baba ya tsayar da shi a rana ya ba shi tarihi tun daga tsagewar baya, har mutumin ya yi da-na-sanin gaisuwa.

Matsalar ɗaya ce, tawada ba ta da tudu. Zaren aikin yana jin sa da yatsa, rubutun kuwa ba ya ji. Don haka in ya gama shiri sai ya kira ni, ya ɗora yatsa a ƙirji ya ce, "Uwata, nan ne?"

Kullum yana kuskurewa da kaɗan. Sai in kama yatsan in matsar da shi.